L. C. Dunn (1893–1974): Baturen Da Ya Kama Maguɗi A Rabon Gadon Ɓeraye

 A wannan fitowa mun ƙetare teku zuwa Amurka, domin mu kawo muku labarin wani malamin kimiyya mai suna Leslie Clarence Dunn, wanda aka fi sani da L. C. Dunn. Mutumin nan shekara 40 da 'yan kai ya yi yana kiwon ɓeraye, yana duba wutsiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta abin da ya gani. Wani zai ce wannan ai aikin marasa abin yi ne. To, a cikin wutsiyar ɓeran nan ya gano cewa akwai ƙwayar gado mai yin maguɗi, wadda take danne 'yar'uwarta ta cinye rabonta, alhali kuwa ita kanta cuta ce ga mai ɗauke da ita. Kuma shi ne dai mutumin da ya tsaya tsayin daka a zamanin Hitila, ya ƙi yarda a yi amfani da ilimin gado a ce wata al'umma ta fi wata daraja tun daga jini.

Wane gado muke nufi?

Bari mu share hanya tukuna. Gadon da muke magana a kai ba shi ne na gona ko gida ko shanu da ake kaiwa gaban alƙali ba. Gadon jiki muke nufi, wato abin da ɗa yake ɗaukowa daga uwa da uba: tsawo, launin fata, rukunin jini, har da wasu cututtuka. Masana sun ce kowace siffa tana da ƙwayoyin gadonta, kuma ƙwayoyin nan bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A jere suke a kan wasu zarurruka a cikin jiki waɗanda ake kira kuromosom. Mutum yana da tagwayen zare 23, ɓeran gida yana da 20.

Idan aka zo haihuwa, uba ba ya ba ɗansa duka ƙwayoyin biyu, ɗaya kawai yake bayarwa. Uwa ma haka. Wacce za a bayar kuwa? Ƙuri'a ce, rabi da rabi. Wannan doka wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ne ya gano ta a garin Brno, cikin ƙasar Cek ta yau, ta hanyar shuka wani irin wake na Turai, ya kuma buga sakamakon a shekarar 1866. A gwaji guda ya ƙirga ƙwayar wake 7,324, ya samu 5,474 masu santsi, 1,850 masu yanƙwane, wato kusan 3 da 1, daidai da abin da ƙuri'ar rabi da rabi daga iyaye biyu za ta bayar.

Mu ma nan mun san wannan doka, ko da ba mu san sunan Mendel ba, saboda ciwon sikila ko amosanin jini. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ya zo da SS, 2 cikin 4 ya zo da AS, 1 cikin 4 ya zo da AA. Ku lura, kowane ciki ƙuri'arsa daban, shi ya sa wani gida za a samu 'ya'ya uku a jere masu ciwon, wani gida kuwa ba ko ɗaya. Wannan ne dalilin da likitoci suke matsa wa mutane su yi gwajin jini kafin a ɗaura aure. Ƙwayar sikila dai ba ta maguɗi, rabonta kawai take ɗauka. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Tasowarsa

An haifi Dunn ranar 2 ga Nuwamba, 1893, a birnin Buffalo na Jihar Niyok. Ya yi karatu a Kwalejin Dartmouth ya gama a 1915, lokacin da ilimin gado yake jariri, domin sai a 1900 ne duniya ta waiwayi aikin Mendel. Daga nan ya wuce Jami'ar Harvard, ya zauna a gaban Farfesa William Castle, wanda shi ne uban masu binciken gado a jikin ƙananan dabbobi masu shayarwa a Amurka, irin su ɓeraye da zomaye. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu, ya shiga soja aka kai shi Faransa. Da aka gama yaƙi ya komo ya kammala digirinsa na dakta a 1920.

A gidan Castle ne ya fara sanin cewa wani lokaci lissafin Mendel yakan yi kamar ya karkace. Akwai wasu ɓeraye masu ruwan ɗorawa waɗanda in an haɗa su da junansu, maimakon 3 da 1, sai a samu 2 da 1. Castle da almajirinsa Clarence Little sun bayyana dalili a 1910: duk ɗan tayin da ya gaji ƙwayar ruwan ɗorawa daga uwa da uba duka, a ciki yake mutuwa. Ashe ƙuri'a ta tafi daidai, mutuwa ce ta rage masu zuwa duniya.

Kajin durgu

Aikinsa na farko a tashar binciken noma ta Storrs ne, a Jihar Connecticut, daga 1920 zuwa 1928, kuma kaji aka ba shi. Shi da abokin aikinsa Walter Landauer sun bi diddigin wasu kaji masu gajerun ƙafafu, irin waɗanda mu muke kira durgu. Suka ga idan aka haɗa zakara durgu da kaza durgu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwan ba ya ƙyanƙyasa, ɗan tayin yakan mutu cikin kwanakin farko na kwanci. Cikin waɗanda suka fito kuwa, biyu durgu, ɗaya mai doguwar ƙafa. Labarin ɓerayen Castle ne ya sake maimaita kansa a akurki.

Wannan aiki ya koya masa abu biyu da suka yi masa rana daga baya. Na ɗaya, a ƙirga waɗanda suka mutu kamar yadda ake ƙirga waɗanda suka rayu. Na biyu, idan lissafi ya ƙi fita, kada a zargi ƙirga a yar da takarda, a nemi dalili. A wannan tsakanin ne kuma, cikin 1925, shi da Edmund Sinnott suka wallafa littafin koyar da ilimin gado wanda ɗalibai suka daɗe suna karantawa a jami'o'i. A 1928 Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok ta kira shi, nan kuwa ya zauna har ya yi ritaya a 1962.

Ɓerayen Faris

Ɓerayen da suka sa sunansa ya shahara ba shi ya fara samo su ba. Wata likita ce 'yar gudun hijira, Nadine Dobrovolskaia-Zavadskaia, wadda aka haifa a Kiev, ta yi aikin tiyata a Rasha, juyin juya hali da yaƙin basasa suka kore ta, ta sami mafaka a wata cibiyar bincike a Faris. A 1927 ta ba da rahoton wasu ɓeraye masu guntun bindi, kuma ta nuna gado ne. Aka yi wa ƙwayar laƙabi da babban harafin T. Ɓeran da ya gaji T guda ɗaya yana rayuwa da guntuwar wutsiya. Wanda ya gaji biyu yakan mutu a ciki wajen kwana na 10, alhali cikin ɓera kimanin kwana 20 ne.

Sai kuma wani abin mamaki ya ɓullo. Da ta haɗa masu guntun bindin nan da wasu ɓeraye, har da waɗanda aka kamo daga waje, sai aka haifi waɗanda ba su da wutsiya ko kaɗan. In kuma an haɗa marasa wutsiyar da junansu, duk 'ya'yan da za su zo marasa wutsiya ne, sai dai ba su da yawa kamar yadda aka saba. A farkon shekarun 1930 ta ba Dunn irin waɗannan ɓeraye, shi da ɗalibinsa Paul Chesley suka duƙufa a kansu.

Abin da suka warware shi ne, akwai wata ɓoyayyar ƙwaya ta biyu, wadda aka sa wa ƙaramin harafin t. Ita ƙaramar t idan ta haɗu da lafiyayyar ƙwaya ba a ganin komai, ɓera yana yawo da cikakkiyar wutsiyarsa. Idan ta haɗu da babbar T, wutsiya ta tafi ɗungurungum. Idan kuwa ta haɗu da irinta, t da t, to ɗan tayi ya mutu. Kun ga ke nan idan aka haɗa marasa wutsiya biyu, mai T biyu ya mutu, mai t biyu ya mutu, sai masu T da t kaɗai za su ga hasken rana. Har zuwa nan dai dokar Mendel ba ta karye ba, labarin kajin durgu ne aka ninka biyu.

Lissafin da ya ƙi fita

Rigimar ta taso ne da suka haɗa marar wutsiya da lafiyayyen ɓera. A nan lissafin a fili yake. Ɗan da ya gaji T zai zo da guntun bindi, wanda ya gaji t zai zo da cikakkiyar wutsiya. Wato wutsiyar kowane jariri ita ce shaidar ƙwayar da ya ɗauko. Bisa doka, rabi da rabi ya kamata a gani.

Idan uwa ce marar wutsiyar, haka kuwa aka gani, rabi da rabi. Amma idan uba ne, sai masu cikakkiyar wutsiya su yi rinjaye mai yawa, haihuwa bayan haihuwa. Dunn ya san tambayar da za a fara yi masa: ko masu T ɗin mutuwa suke yi a ciki? To, in da haka ne da yawan 'ya'yan ya ragu, kuma da an ga irin wannan gibi ta wajen uwa ma. Ba a gani ba. 'Ya'ya suna zuwa da yawansu, amma akasarinsu t suka gada. Babu makawa, ƙuri'ar ce aka murɗe tun kafin a ɗauki cikin, kuma a jikin namiji ake murɗe ta. Chesley da Dunn suka buga wannan a 1936. Yana cikin misalai na farko da aka tabbatar, a jikin dabba mai shayarwa, na ƙwayar gadon da take ƙetare dokar rabi da rabi.

Baƙuwa daga Jamus

Shekarun da yake fama da wutsiyar ɓera, su ne shekarun da aka mayar da ilimin gado makamin zalunci. A Amurka kanta akwai masu ra'ayin wai a gyara irin ɗan Adam kamar yadda ake gyara irin shanu. Da bakinsu aka yi dokar 1924 wadda ta toshe ƙofa ga baƙi daga kudanci da gabashin Turai da kuma Asiya. Da dokokinsu aka yi wa mutum fiye da 60,000 aikin hana haihuwa ƙarfi da yaji a jihohi daban-daban. A Jamus, Hitila ya hau mulki a 1933, a shekarar aka kori malamai Yahudawa daga jami'o'i, aka kuma kafa dokar da a ƙarƙashinta aka yi wa kimanin mutum 400,000 irin wannan aiki.

Dunn bai ce shi ɓera ya sani ba ruwansa da siyasa ba. Ya shiga kwamitin gaggawa da aka kafa a Niyok a 1933 domin sama wa korarrun malamai wurin aiki, kwamitin da ya tallafa wa fiye da 300. A 1935 yana cikin masanan da aka naɗa su binciki ofishin da masu gyaran iri suke tara bayanan iyalai a Cold Spring Harbor. Suka duba suka ce tarin takardun nan ba su da amfani ga binciken gadon ɗan Adam. A ƙarshen 1939 aka rufe ofishin.

Cikin waɗanda guguwar Jamus ta koro akwai wata matashiya, Salome Gluecksohn, wadda ta yi digirinta na dakta kan yadda ɗan tayi yake ginuwa. Ta iso Niyok a 1933, ta yi shekara 3 ba aiki. A 1936 Dunn ya buɗe mata ɗakin bincikensa, da farko ma ba albashi. Ita ce ta riƙa fiɗar ƙananan 'yan tayin nan tana dubawa a madubin likita, har ta nuna a 1938 yadda ƙwayoyin T da t suke ɓata shimfiɗar ƙashin baya tun kwanakin farko. Ta shekara 19 a Kolombiya ba a ba ta kujerar koyarwa ba, sai a 1955 wata sabuwar kwalejin likitoci mai sunan Albert Einstein ta ɗauke ta. A 1993 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girma mafi daraja ta kimiyya. Ku duba fa, aikin nan kacokan a kan baƙi biyu ya tsaya, mata, 'yan gudun hijira, ɗaya daga Rasha, ɗaya daga Jamus.

Bayan yaƙi, a 1946, Dunn da Theodosius Dobzhansky suka rubuta wani ɗan littafi domin talakawa a kan gado da launin fata da zaman jama'a, aka fassara shi cikin harsuna da dama. A 1951 kuma hukumar UNESCO ta tara masana a Faris, Dunn ne magatakardan da ya tsara rahotonsu. Abin da sanarwar ta ƙunsa shi ne, ilimi bai sami wata hujja ba cewa al'ummomi sun bambanta wajen baiwar hankali tun daga haihuwa, babu shaidar cewa auratayya tsakanin jinsi da jinsi tana lalata zuriya, kuma ƙasa ko addini ko harshe ba su ne jini ba.

Maganar ta taɓa shi har cikin gida. Ɗansa Stephen da larurar shanyewar gaɓoɓi ya taso, irin mutanen da masu gyaran iri suke ganin ba su da amfani. Stephen ya yi karatu ya zama masanin al'adun jama'a. Uba da ɗa suka tafi birnin Rum a shekarun 1950 suka yi nazarin Yahudawan garin, al'ummar da ta fi shekara 2,000 a wurin, wadda aka killace a unguwa guda tun 1555 har cikin ƙarni na 19. Abin da suka je dubawa shi ne yadda katanga da al'ada da auren gida suke riƙe ƙaramar al'umma a tsakiyar babban gari, da kuma irin alamar da hakan yake bari a rukunin jininta.

Daga ɗakin bincike zuwa rumbu

Wani zai iya cewa maguɗin t ciwon ɓerayen keji ne kawai. Domin ya raba gardama, a shekarun 1950 Dunn ya sa aka riƙa kamo masa ɓerayen gida daga gonaki da rumbuna a sassa daban-daban na Amurka. Ya tarar da t a mafi yawan wuraren, iri-iri. Wasu suna kashe ɗan tayi, wasu suna barinsa ya rayu amma in namiji ne ba zai haihu ba. Na wajen ma sun fi na keji iya maguɗi, domin uba yakan ba kusan 95 cikin 100 na 'ya'yansa wannan ƙwaya.

Yanzu mu koma kan sikila. Me ya sa ƙwaya mai cutarwa take daɗewa a cikin jama'a? A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashenmu. Wato tana cutar da wasu, tana amfanar da wasu. Ita kuwa t, Dunn bai ga wani alherin da ya kai ya biya ɓarnarta ba. Abin da ya riƙe ta shi ne iya shiga gaban layi.

Sai wata sabuwar tambaya ta taso. In har maguɗin ya kai 95 cikin 100, lissafi ya nuna ya kamata akasarin ɓerayen duniya su zama masu ɗauke da t. Amma ba haka aka samu ba, a wurare da yawa ma ba su kai 1 cikin 4 ba. A 1960 Dunn da wani matashi mai suna Richard Lewontin suka sa wa kwamfuta wannan lissafi, lokacin da kwamfuta take cika ɗaki guda. Suka nuna cewa ɓeraye ƙananan gidaje suke zama, namiji ɗaya ko biyu da 'yan mata kaɗan, kuma a irin wannan zama t takan ɓace daga gida bisa tsautsayi kawai. Ya kuma gwada abin a fili: aka saki mazan ɓeraye masu t a wani ɗan tsibiri da ake kira Great Gull kusa da Niyok. Rahoton da suka buga a 1964 ya nuna ƙwayar ta kama ƙasa, amma yaɗuwarta a hankali take, domin ɓera ba ya saurin karɓar baƙon ɓera cikin gidansa.

Ritaya ba ta raba shi da ɓerayensa ba. Ya ci gaba da aiki a wata tashar jami'ar da ke bakin kogin Hudson tare da Dorothea Bennett, ya kuma rubuta taƙaitaccen tarihin ilimin gado a 1965. Ya rasu ranar 19 ga Maris, 1974, yana da shekara 80, bai ga yadda ake yin maguɗin da idonsa ba.

Asirin da ya tonu bayansa

Waɗanda suka biyo baya ne suka ƙarasa. Ashe t ba ƙwaya guda ba ce, wani dogon yanki ne na zare na 17, mai ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyi, wanda wasu sassansa suka juya kai ƙasa, saboda haka ba ya musaya da ɗan'uwansa lafiyayye, a dunƙule ake gadonsa. An ƙiyasta ya fi shekara miliyan 1 yana yawo a jikin ɓeraye. A 1984 Mary Lyon ta Ingila ta kawo bayanin cewa a cikin yankin akwai masu zuba guba, akwai kuma mai riƙe da makari. A 1990 Bernhard Herrmann da abokan aikinsa suka gano ainihin babbar T, wadda mutum ma yana da irinta, aikinta kuwa aza harsashin ƙashin baya. A 1999 ayarinsa a Jamus ya gano makarin.

Ga yadda abin yake. Lokacin da ƙwayoyin maniyyi suke ginuwa a jikin namiji, a haɗe suke da juna, suna cin abinci a akushi ɗaya. Rabinsu suna ɗauke da t, rabi ba su da ita. Sai t ta saki gubar da take ratsa kowa da kowa, mai rikita iyo, ta yadda ƙwaya za ta yi ta kewaye maimakon ta miƙe. Makarin kuwa ba ya fita, yana nan cikin ƙwayoyin da suke ɗauke da t kaɗai. Kamar mutum ne ya zuba guba a randar gida, kowa ya sha har da shi, amma ya ɓoye maganin a aljihunsa. Ranar tsere, shi ne zai riga kowa isa.

Sai dai in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Namijin da ya gaji t biyu, in ma ya rayu, guba ta yi masa yawa, ba ya haihuwa. Masu bincike a Zurich ta ƙasar Suwizalan kuma sun nuna cewa macen ɓera takan sadu da namiji fiye da ɗaya, kuma idan maniyyin mai t ya yi takara da na lafiyayyen namiji, kaɗan ƙwarai yake samu cikin 'ya'yan. Wato gwanin danne 'yan'uwa a cikin gida, da ya fita waje sai a kayar da shi. Wannan yana cikin manyan amsoshin tambayar da Dunn da Lewontin suka yi fama da ita.

An kuma gano cewa ba t kaɗai ba ce. A 2015 aka bayyana wani yanki a zare na 2 na ɓera, mai suna R2d2, wanda yake nasa maguɗin ta wajen uwa. A 2022 kuma masana a Adelaide ta Ostireliya suka nuna a ɗakin bincike cewa ana iya ɗora wa t wani kaya mai hana matan ɓeraye haihuwa, da nufin wata rana a rage ɓerayen da suke cinye ƙwan tsuntsaye a tsibirai. Wannan shawara tana da masu goyon baya da masu tsoronta, domin abin da ya iya yaɗa kansa, in ya kuɓuce, kamo shi sai an sha wuya. A jikin ɗan Adam kuwa, an bincika ƙwarai, ba a tabbatar da wani maguɗi mai ƙarfi irin na t ba. Rabi da rabin Mendel shi ne abin dogaro a wurinmu.

Abin da muka tsinta

Hausawa suna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai gaskiya a ciki. Amma aikin Dunn ya ƙara mana da cewa yawan yaɗuwar abu a cikin zuriya ba shaidar nagartarsa ba ce. Masu gyaran iri sun ɗauka duk abin da ya yi rinjaye a gado shi ne mafi kyau, kuma su ne suka san wanda ya cancanci ya haihu. Ga ƙwaya nan a rumbunan manoma da yawa, tana cin 95 cikin 100, ribarta kuwa mutuwar 'yan tayi da rashin haihuwa. A ganinmu, wanda ya shekara 40 yana kallon wannan, da wuya wani ya ruɗe shi da zancen tsarkin jini.

Mu da muke zaune a garuruwan da ba nan aka binne cibiyar kakanninmu ba, mun san ɗacin a dubi mutum a ce halinsa a jininsa yake, su wane ai haka suke. In za mu faɗi gaskiya kuma, mu ma mukan faɗa wa wasu irin wannan magana, musamman in zancen aure ya taso aka shiga tonon asali. Jini yana da abin da yake faɗa, kuma asibiti na iya karanta shi cikin kwana ɗaya: AA ne, AS ne, ko SS. Wannan shi ya kamata iyaye su tambaya kafin a sa rana. Amana da kunya da riƙon alkawari kuwa, ba a taɓa ganinsu a kwalbar gwaji ba, a gida ake koyonsu.